Me ya sa kwalliyar layin dogo ba ta cika biyan kuɗin sabulu ba?

Wani ɗalibi da ke shekarar ƙarshe a fannin injiniya ya rubuto mini yana cewa: "Malam, gwamnatoci suna narka biliyoyi a sabon layin dogo, a ce cunkoso zai ragu, dakon kaya zai yi arha, garuruwa za su haɓaka. Bayan 'yan shekaru sai a koma kukan bashi, taragai kuma wayam. Shin zamani ne ya wuce jirgin ƙasa, ko kuwa duk cin hanci ne?"

Ƙanena, ko ɗaya daga cikin biyun bai isa amsa ba. Zamani bai wuce jirgin ƙasa ba. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da tirjiya irin ta taya a kan kwalta, shi ya sa kan jirgi ɗaya yake jan abin da tireloli hamsin ko fiye za su yi ta nishi da shi, kuma har yau babu abin da ya kai shi kwasar dubban mutane zuwa tsakiyar birni cikin awa guda. A wannan fanni na yi rayuwar aikina, ina ƙaunarsa, shi ya sa ma abin da ka tambaya yake ci mini rai. Cin hanci kuwa akwai shi, ba mai musu. Amma da shi kaɗai ne, da ba mu ga irin wannan ciwo a ƙasashen da ake bin diddigin kuɗin gwamnati ƙeƙe-da-ƙeƙe ba, ga shi kuwa muna gani a Birtaniya da Jamus da Amurka. Abin da na fahimta shi ne, amfanin layin dogo yana fitowa ne daga jiragen da za su riƙa tashi cike, a kan lokaci, kullum, shekara arba'in ko hamsin. Abin da ake tallatawa kuwa, ake cin bashi dominsa, ake taro a yanka ƙyalle a kansa, shi ne ginin. Tsakanin waɗannan biyu ake yin asarar.

Bari mu fara da girman matsalar, don kada ka zaci labarin ƙasa ɗaya ne. Farfesa Bent Flyvbjerg, masani ɗan ƙasar Denmak, da abokan aikinsa sun bi diddigin ayyukan sufuri 258 a ƙasashe 20, suka buga sakamakon a 2002. Kusan tara cikin kowane goma sun ci kuɗi fiye da ƙiyasin da aka amince da aikin a kansa. Tituna sun haura da kimanin kashi 20 cikin 100, gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da kimanin kashi 34, layin dogo kuwa da kusan kashi 45. A 2005 suka waiwayi ɗaya ɓangaren, wato hasashen fasinja, suka tarar a ayyukan layin dogo mutanen da suka shiga jirgi a zahiri ba su ma kai rabin waɗanda aka yi hasashe ba, idan aka ɗauki matsakaici. Ka haɗa biyun ka gani. Kuɗi ya ƙaru da kusan rabi, fasinja ya ragu da rabi, to ribar da takarda ta nuna ta koma kusan sulusinta. Aikin da aka ce kowace dala ɗaya za ta dawo da amfanin dala biyu, sai ya tashi bai ma mayar da dalar da aka zuba ba.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali a alƙaluman nan shi ne duk gefe ɗaya suka karkata. Da kuskure ne na tsakani da Allah, da wani lokacin an yi sama, wani lokacin an yi ƙasa. Kuma bayanan sun ratsa kusan shekara 70 ba tare da hasashen ya gyaru ba, duk da zuwan kwamfuta da sabbin dabarun lissafi. Dalili biyu ne. Na farko halin ɗan Adam ne, wanda masana irin su Daniel Kahneman suka yi dogon nazari a kai: mai tsara aiki yana kallon nasa aikin kamar babu irinsa, yana jera matakai yadda za su tafi idan komai ya yi daidai, yana mancewa da yadda irinsa ɗari suka ƙare. Na biyu da gangan ne. Baitulmali ɗaya ne, masu nema da yawa. Wanda ya faɗi gaskiyar kuɗin aikinsa zai sha kaye a hannun wanda ya rage nasa ya kumbura fasinja. Sai ya zama ana tace ayyuka ta hanyar da mafi iya kwalliya a takarda ne ke tsallakewa. Willie Brown, tsohon magajin garin San Francisco, ya fito ƙarara ya rubuta a 2013 cewa a irin waɗannan ayyuka kasafin farko kafin alƙalami ne kawai, kuma dabarar ita ce a fara haƙa rami a yi shi da girman da ba makawa sai an nemo kuɗin cike shi.

Na taɓa zama a wani kwamiti da aka kawo mana hasashen fasinja na wani layi. Lissafin farko bai kai mizanin da masu ba da kuɗi suke so ba. Ba wanda ya ce a yi ƙarya. An dai ce a sake duba zato: a ɗan ɗaga saurin ƙaruwar jama'a, a ɗan rage minti biyar a lokacin tafiya, a ɗauka kuɗin motar haya zai tashi, na jirgi ya tsaya. Kowane gyara shi kaɗai ana iya kare shi. Da aka tara su sai ga aikin ya haye. Ban sa hannu ba, amma ban kuma iya hanawa ba, har yau abin yana raina.

Da zarar an fara haƙa kuwa, sai a shiga halin gaba kura baya sayaki. Dubi layin HS2 na Birtaniya. A farkon shekarun 2010 an ƙiyasta kimanin fam biliyan 33 don layi daga Landan zuwa Birmingham, ya rabu biyu zuwa Manchester da Leeds. Zuwa 2015 kasafin ya kusa biliyan 56, kuma bai tsaya nan ba. A 2021 aka datse yawancin reshen Leeds, a Oktoban 2023 Firaminista Rishi Sunak ya soke na Manchester. An rage kuɗi, gaskiya ne, amma a rassan nan da aka yanke ne kaso mai tsoka na amfanin yake. An bar ɓangare mafi tsada, an zubar da wanda zai sa tsadar ta yi ma'ana.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ka riƙe, domin shi ya bambanta layin dogo da titi. Titi yana rabuwa. Idan an yi niyyar kilomita 500 aka samu 200, motoci za su hau 200 ɗin su sauka su ci gaba a tsohuwar hanya, an dai ƙaru. Layin dogo ba haka yake ba. Rabin layi ba ya ba da rabin amfani, sau da yawa ko ushiri ba ya bayarwa. Kenya ta buɗe sabon layin Mombasa zuwa Nairobi a 2017, kusan kilomita 480, a kan kimanin dala biliyan 3.6, yawanci rance daga bankin Exim na Sin. Lissafin aikin ya dogara ne a kan layin zai ratsa har Yuganda ya kwaso kayan ƙasashen da ba su da teku. A 2019 aka ƙara kilomita 120 zuwa yankin Naivasha, rance ya tsaya, layi ma ya tsaya, da sauran ɗaruruwan kilomita kafin iyaka. Faɗinsa kuma ya bambanta da na tsohon layin da ke zuwa Yuganda, don haka sai an sauke kwantena an sake lodi. Tun a 2013 Bankin Duniya ya ba da shawarar cewa gyaran tsohon layin zai ɗauki kayan da ake da su a kan kuɗi kaɗan. Da kaya suka ƙi zuwa da kansu, gwamnati ta tilasta wa masu shigo da kaya hawa jirgi, har Shugaba William Ruto ya janye tilas ɗin a Satumban 2022. Kada ka ce matsalar ƙasashe masu tasowa ce. Holan ta kashe kimanin yuro biliyan 4.7 ta gina layin dakon kaya na Betuwe, kilomita 160 daga tashar ruwan Rotterdam zuwa iyakar Jamus, ta buɗe shi a 2007. Fiye da shekara 15 bayan haka Jamus ba ta gama faɗaɗa nata ɓangaren ba, jirage suna fitowa daga sabon layi su tarar da ƙunci.

Mai kaya ba ruwansa da gudun jirgi tsakanin tasha da tasha. Abin da yake lissafawa shi ne daga ƙofar masana'anta zuwa ƙofar mai saye: kwana nawa, nawa zai biya, kuma zai iya rantsuwa kayan za su isa ranar da aka ce? Tirela tana ɗauka a ƙofa ta ajiye a ƙofa. Jirgi kuwa sai an kai masa, an loda, an jira taragai su cika, an sauke, an sake neman mota. Kowace ɗagawa kuɗi ce da jinkiri da haɗarin ɓarna. Shi ya sa jirgi yake cin riba a kaya masu nauyi da yawa da ke tafiya mai nisa daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya, irin su ma'adinai, gawayin kwal, siminti, hatsi, man fetur da kwantenonin tashar ruwa. Idan babu 'yan gajerun rassan da ke shiga cikin tashar ruwa da ma'ajiyar mai da masana'anta, babban layin ya zama kogi marar mashigi. Layin Adis Ababa zuwa Jibuti, fiye da kilomita 750 mai aiki da lantarki, ya fara kasuwanci a Janairun 2018 ba tare da an haɗa shi da ma'ajiyar man da ke Jibuti ba, alhali mai yana cikin manyan kayan da Habasha ke shigowa da su ta wannan hanya. Ga kuma yankewar wuta. A wannan shekarar ce aka tsawaita wa'adin biyan bashin gina layin daga shekara 10 zuwa 30. Rassan nan ba su da tsada idan aka kwatanta da babban layi, amma ba a yi musu biki, kuma sau da yawa a hannun wata hukuma daban suke, sai su faɗa tsakanin kujeru biyu kowa yana jiran wani.

Fasinja ma haka yake lissafi. Fili a tsakiyar birni yana da tsada, ga rigimar diyya, sai a kai tasha bayan gari inda ƙasa ke da arha. An yi tsimin kuɗin gini, an kashe dalilin hawa jirgin. Jirgin Whoosh na Indonesiya, wanda aka buɗe a Oktoban 2023, yana cinye kilomita 142 tsakanin Jakarta da yankin Bandung cikin kusan minti 45, amma ba ya shiga tsakiyar Bandung, sai fasinja ya sauka ya hau wani jirgin. Ga tafiya gajera irin wannan, abin da aka samu a gudu ana mayar da kaso mai yawa a zuwa tasha da jira da canji.

Sai kuma zaton da ake yi cewa duniya za ta tsaya cak tana jiran a gama aiki. Aikin layin dogo yana cin shekara 10 zuwa 20 daga tunani zuwa buɗewa, masu gasa da shi kuwa ba barci suke ba. Hanyar ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, mai kilomita 50, an buɗe ta a 1994 bayan kuɗin gini ya haura ƙiyasi da kusan kashi 80 cikin 100. An yi hasashen jiragen Eurostar za su ɗauki fasinja miliyan 15.9 a shekarar farko. A 1995 sun ɗauki kimanin miliyan 3. A 2019, shekara 25 da buɗewa, suna wajen miliyan 11. Kamfanonin jiragen ruwa sun karya farashi, jiragen sama masu arha sun ɓullo, abin da masu hasashen shekarun 1980 ba su sa a lissafi ba. Kamfanin da ya gina hanyar ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2006. Layin TAZARA kuwa siyasa ce ta juya masa baya. Sin ta gina shi, kilomita 1,860 daga Darussalam ta Tanzaniya zuwa Kapiri Mposhi ta Zambiya, aka gama a 1975, domin tagullar Zambiya ta samu hanyar teku ba tare da bi ta ƙasashen da turawa 'yan wariya ke mulki ba. A lokacinsa dalili ne mai ƙarfi, kuma ina girmama shi. Da Zimbabuwe ta samu 'yanci a 1980, daga baya mulkin wariya ya faɗi a Afirka ta Kudu, hanyoyin kudu suka buɗe, tireloli suka shigo. Layin da ya taɓa ɗaukar tan miliyan 1.2 a shekara ya faɗo ƙasa da tan dubu 100 a wajen 2015.

Akwai kuma son burgewa, wanda mu injiniyoyi ba mu kuɓuta daga gare shi ba. Kowa yana son a ce nasa ne mafi gudu. Amma gudu yana da tsada ta hanyar da ba a gani a hoto: layin kilomita 300 a awa ba ya son lanƙwasa, don haka maimakon ya kewaye tudu sai ya huda shi, maimakon ya bi kwari sai a ɗora shi a gada. Sannan kowane ɗan majalisa yana son tasha a mazaɓarsa, jirgin da aka biya kuɗin gudunsa sai ya yi ta tsayawa. Kotun binciken kuɗi ta Tarayyar Turai ta duba layukan gudu a ƙasashe shida a 2018, ta ce kowace kilomita ta ci kimanin yuro miliyan 25, jiragen kuma a matsakaici suna tafiya ne da kusan kashi 45 cikin 100 na gudun da aka gina layin dominsa. Ta ce layi irin wannan yana buƙatar fasinja wajen miliyan 9 a shekara kafin ya cancanci kuɗinsa, da dama ba su kai ba. Sifaniya ce ke da layin gudu mafi tsawo a Turai, kuma ta iya gini da arha, amma a 2011 sai da ta dakatar da jirgin kai tsaye tsakanin Toledo da Albacete saboda fasinjansa a rana ba su wuce tara ba.

Suwizalan ta bi ta wata hanya, kuma ita nake so ɗalibai su nazarta. Sun fara da jadawali, sannan suka tambayi kansu wane gini jadawalin yake buƙata. Tun 1982 jiragensu suke tashi a daidai minti iri ɗaya a kowace awa. A shirin da jama'a suka amince da shi a ƙuri'ar 1987, manufar ita ce jirage su haɗu a manyan tashoshi daf da cikar awa ko rabinta, fasinja ya sauka daga wannan ya hau wancan ba jira. Tafiyar Zurich zuwa Bern ta ɗan haura awa guda, don haka suka gina sabon layi na kilomita 45 kacal wanda ya sauko da ita ƙasa da awa, aka buɗe a 2004. Ba su nemi minti 40 ba, domin jirgin da ya iso da wuri zama zai yi yana jiran sauran. Kuɗin ya tafi inda jadawali ya nuna, amfanin kuma ya bazu har ƙauyen da sabon layin bai je kusa da shi ba.

Wani wurin da gizo ke saƙa shi ne haɗa sassan aiki. Mutane suna zaton haƙa da zuba kankare ne mai wuya. Mai wuyar shi ne ranar da za a ce dogo da wuta da sigina da taragai da manhajar kwamfuta da ma'aikata su yi magana da murya ɗaya. A aikin Crossrail na Landan an gama haƙa kilomita 42 na ƙarƙashin ƙasa tun 2015, aka sa ranar buɗewa Disamban 2018. Saura wata huɗu aka fito aka ce ba zai yiwu ba. Jiragen sai sun yi aiki da tsarin sigina iri uku, tashoshi ba su kammala ba. Sai Mayun 2022 aka buɗe, kuɗi ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa kusan 19. A Faransa a 2014 aka gano sabbin jiragen yankuna sun yi wa tsofaffin tashoshi faɗi, sai da aka sassaƙe dakalin tsayawa wajen 1,300 a kan kimanin yuro miliyan 50, saboda hukumar da ke riƙe da layi daban, mai sayen jirage daban, ma'aunin da aka miƙa bai haɗa da tsofaffin tashoshi ba. Gaggawar farawa ita ma tana da nata. A Kalifoniya jama'a sun kaɗa ƙuri'a a 2008 kan layin gudu daga San Francisco zuwa Los Angeles, kimanin dala biliyan 33, a gama a 2020. Don kada wa'adin kashe tallafin gwamnatin tarayya ya wuce, aka ba da kwangila kafin a mallaki filaye, kafin a san inda bututu da wayoyi suke. Ɗan kwangila yana zaune da injinansa, ana biyan sa kuɗin jira. Ƙiyasin hukumar aikin na 2023 ya kai tsakanin dala biliyan 88 da 128.

To an gama, an yanka ƙyalle, baƙi sun watse. Daga nan ne ainihin aikin yake farawa, daga nan ne kuma kuɗi yake ƙarewa. Rance yana biyan gini da taragan farko. Ba ya biyan kayan gyara na shekara ta bakwai, ko injin daddale tsakuwar da ke ƙarƙashin dogo, ko goge kan ƙarfe kafin tsaga ta yi zurfi, ko share magudanar ruwa, ko albashin ƙwararren mai gyaran sigina da wani kamfani ke zawarci. Yawancin kuɗin riƙe layi ba ya raguwa don jirage sun yi kaɗan: ko jirgi biyu ne ke wucewa a rana ko arba'in, sai an duba kowace kilomita. Idan kuɗin shiga ya gaza, gyara ne ake fara jinkirtawa, domin ba ya kuka a ranar. Dogo ya lalace, a rage gudu, jirgi ya yi latti, mai kaya ya koma tirela, kuɗin shiga ya ƙara raguwa, a ƙara jinkirta gyara. Na ga layukan da suka mutu ta wannan hanya ba tare da wani ya taɓa yanke shawarar kashe su ba. Jirgin cikin gari na Adis Ababa, wanda aka buɗe a 2015 a kan dala miliyan 475 da jirage 41, bai kai shekara goma ba aka wayi gari waɗanda ke aiki ba su kai rabi ba, saboda rashin kayan gyara. A Birtaniya, dogon da ya tsattsage ya karye a Hatfield a Oktoban 2000, mutum huɗu suka rasu, aka rage gudu a faɗin ƙasar saboda kamfanin Railtrack, wanda ke riƙe da layukan dogon ƙasar a lokacin, bai san halin da sauran layukansa ke ciki ba, shekara guda bayan haka kamfanin ya durƙushe. Ƙara da wannan, idan bashin da dala ne, tikiti kuma da kuɗin gida ake sayarwa, duk ranar da kuɗin gida ya faɗi bashin ya kumbura, ba kuma za ka iya ninka wa talaka kuɗin tikiti ba.

Alkawarin "bunƙasar garuruwa" kuwa shi ne wanda aka fi faɗa, aka fi kasa aunawa. Tasha ba ta haifar da birni da kanta. Inda abin ya yi aiki, da gangan aka yi shi. Tun 1910 Kobayashi Ichizo na kamfanin Hankyu a Japan yake sayen filaye a gefen layinsa yana gina gidaje, daga baya ya kafa katafaren kanti a tashar Umeda da ke Osaka, wato yana ƙirƙirar fasinjansa da hannunsa. Kamfanin MTR na Hong Kong yana samun haƙƙin gini a saman tashoshi da kewayensu, tashin darajar filin yana komawa cikin asusun jirgi. Inda ba a yi haka ba, masu sayen fili su ajiye ne ke kwashe ribar, baitulmali ya rage da bashi.

Kada ka fita daga nan da tunanin duk aikin da ya haura kasafi ya faɗi. Layin Tokaido Shinkansen tsakanin Tokiyo da Osaka, kilomita 515, ya ci kusan ninki biyu na yen biliyan 200 da aka amince da shi, har shugaban hukumar jiragen, Sogo Shinji, ya bar kujerarsa kafin buɗewa a 1964. Duk da haka yana cikin layukan fasinja kaɗan da suka biya kansu. Crossrail ɗin da na ambata, wanda yanzu ake kira layin Elizabeth, yana ɗaukar fasinja fiye da miliyan 200 a shekara. Abin da ya haɗa su shi ne mutanen suna nan tun kafin a zo: tsohon layin Tokaido ya cika maƙil, jiragen ƙarƙashin Landan ma haka. Jirgi ya zo ya tarar da buƙata tana jiran sa. Kuma ban ce dole tikiti ya biya kuɗin gini ba. Layukan fasinja kaɗan ne a duniya suke yin haka, titi ma ba ya yi. Rage haɗari da hayaƙi da ɓata lokaci a cunkoso amfani ne na gaske da ya halatta a biya da kuɗin jama'a. Abin da nake ƙi shi ne a ce wa jama'a layi zai ciyar da kansa alhali an san sai an tallafa masa kowace shekara, sannan a ƙi sa tallafin a kasafi.

Kai da za ka fita aiki nan ba da jimawa ba, wata rana za a ajiye maka irin wannan takarda a tebur. Kafin ka buɗe zanen gada, ka nemi jadawalin shekara ta goma: jirgi nawa a rana, ɗauke da me, daga ƙofar wa zuwa ƙofar wa, kuma mutum nawa ko tan nawa ke bin wannan hanya yau, ƙidaya ta zahiri a bakin titi. Ka tambaya ko an gwada lissafin gyara tsohon layi, da ƙara wuraren da jirage ke kauce wa juna, da sabunta sigina, domin sau da yawa waɗannan suna ba da yawancin amfanin a kan ɗan kaso na kuɗin. Ka nemi jerin ayyuka 20 ko 30 masu kama da shi da aka riga aka gama, ka ga da nawa suka haura, ka ɗora wannan a kan naka ƙiyasin ko da ranka bai so ba. Baitulmalin Birtaniya ya wajabta irin wannan ƙari tun 2003. Norwe tun 2000 take sa masu bincike daga waje, waɗanda ba su da rabo a kwangilar, su tantance ƙiyasin manyan ayyuka kafin majalisa ta amince. Faransa kuma tun dokar sufuri ta 1982 ta wajabta a koma bayan 'yan shekaru da buɗe babban aiki a auna abin da aka samu da abin da aka yi alkawari, a buga kowa ya gani. Idan a inda kake aiki babu irin wannan doka, ka ajiye kwafin hasashen farko a wurinka da kwanan wata da sunan ofishin da ya yi shi, shekara biyar bayan buɗewa ka je tasha da kanka ka ƙirga masu sauka.